Kaka Bai Dunƙule Hannu Ba

Mai koko ce ta fara. Na miƙa mata kwano kamar kullum, sai ta janye hannunta ta ɓoye cikin zane, ta nuna mini ƙasa da haɓa. Na ajiye kwanon, ina tsammanin hannun nata ne da maiƙo. Ta zubo kokon daga nesa, rabi a kwano rabi a turɓaya. Matar da ke gefena ta fizgo ɗanta ta tura shi bayanta, ta tofar da yawu, ta ce ƙasa-ƙasa amma yadda zan ji, "Kurwata kur." Na waiwaya in ga da wa take. Babu komai a bayana sai bango.

Ga mayya ake faɗar wannan kalma, wadda ake zargi da kama kurwar mutane. Na bar kwanon nan na dawo gida.

A wannan yinin aka jefi kakana, mahaifin babana, a ƙofar zaurenmu. Na ɗauki alƙalami ne saboda tun ba a naɗe tabarmin makoki ba na fara jin ana cewa "tsautsayi". Nan gaba kaɗan za a ce tsoho ne ya faɗi. Bai faɗi ba. Ina tsaye a bayansa.

Ban ga jana'izarsa ba, ina ɓoye a lokacin. Gwaggo, ƙanwar babana, ita ta ba ni labarin masu gaisuwa. Ta ce mahautan kasuwa sun rataye wuƙaƙensu, ranar ba a ga nama a layinsu ba, don a ƙuruciyarsa shi ne ɗan dambensu. Tsohon makaɗinsa ya zo ana ja masa gora, kalangu a kafaɗa, amma ya bar sandar kiɗan a gida. Ya zauna a zaure yana matse tsirkiyar kalangun da hammata, fatar tana nishi. Limamin unguwa kuwa kuka ya yi a gaban mutane, yana ta maimaita, "Ni na ce shi juya. Ni na ce shi juya." Zan zo kan wannan.

Su ma waɗanda suka yi aikin sun zo. Wani saurayi da goshi a kumbure ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" Gwaggo ta amsa masa daga bayan ƙyaure, "Haƙuri sai ma'aiki. Ya goshi?" Bai gama fatiha ba ya tashi. Mata kuma kowacce ta shigo da zance ɗaya, wai ranar ba ta gida. Gwaggo ta ce da Innata, "Ashe unguwag ga dut ƙauye anka tahi rannan. To wa yaj jefi tsoho, aljannu?"

Kaka dogo ne, kafaɗunsa sun fi ƙofar ɗakinsa faɗi, sai ya karkace yake shiga. Goro yake dakawa a ɗan turmi don haƙora sun ƙare. Ba ya zama a kujera, ba ya son rediyo, ya ce tun da soja suka karɓi magana ba a bar wa kowa wurin amsawa ba. Ni yake kira amarya, kamar yadda kakanni ke yi, ni kuma in ce da shi angon da ba ya iya tauna ƙashi.

Hannunsa na dama shi ne tarihinsa. Shekarun da ya yi ana naɗe shi da zare don dambe sun sa yatsun suka ƙage ciki, Inna ta ce da can ko loma da ƙyar yake ɗauka. Da girma ya zo ya bar fage, ya sami gadi a wurin 'yan Caina da suka zo koya wa manoman fadamar Kwalkwalawa dashen shinkafa. A cikinsu akwai wani ɗan gajeren tsoho mai furfura. Kullum gari ya waye sai ya hau kunyar gona ya yi ta motsi a hankali, kamar mai tafiya cikin ruwa. Kaka ya ce dariya yake masa, har wata safiya ya je ya ɗan ture shi da wasa.

"Amarya, na kai maza ƙasa tun daga nan har Ƙonni. Ɗan tsohon ga da bai kai kahwaɗata ba, sai gani na yi ina cikin taɓo, kwaɗi na kallona. Ko malhwa tai ba ta motsa ba."

Ba wanda ke jin harshen wani a cikinsu. Tsohon ya kama hannun Kaka ya duba, ya kaɗa kai. Daga ranar, kowace safiya sai ya jiƙa masa shi da ruwan ɗumi, ya riƙa buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tsayar da shi kusa da shi su yi motsin tare. Sunan abin taici. Da 'yan Caina suka koma ƙasarsu, Kaka ya dawo cikin gari da buɗaɗɗen hannu da wannan ɗabi'a. Yaran unguwa suka sa mata suna rawar hawainiya.

Ni kuma na dawo daga makarantar kwana ina jiran sakamakon jarrabawa, da wani ciwo da ba shi da suna. A shekararmu ta ƙarshe an kawo mana soja mai ladabtarwa. Na ga ya zane wata yarinya a gaban taro har ta daina kuka, bulalar ba ta daina ba. Tun daga nan, in aka buga ƙofa da ƙarfi numfashina sai ya tsaya a wuya. Inna ta jiƙa rubutu, Gwaggo ta kawo hayaƙi. Kaka ya dube ni ina shara ya ce, "Boko ta cinye miki gwiwa. Ke ko tsayuwa ba ki iya ba. Gobe in an sallame ki ishe ni tsakar gida."

Na ɗauka za a fara da wani abin a zo a gani. Tsayuwa ce kawai. Ƙafa a buɗe daidai kafaɗa, gwiwa a lanƙwashe kamar za ki zauna a kan turmi amma an ɗauke turmin, hannuwa a zagaye kamar kin rungumi tulu. Kafin Inna ta hura wuta cinyoyina sun fara rawa, zufa na bi mini baya. Yana zagaya ni yana ƙwanƙwasa kafaɗata da ɗan yatsa.

"Sauke. Wa kika ɗauko bisa nan? Numfashi tukuna, amarya, sannan komi."

Sunayen da tsohon Caina ke kiran motsin ba su zauna a bakinsa ba, sai ya raɗa nasa. Akwai shiƙar gero, akwai korar kaji, akwai ɗibar ruwa. A ɗibar ruwa za ki miƙa hannu biyu gaba, ki jawo su a hankali zuwa ƙirji kina shaƙar iska, sannan ki mayar kina saki. Ita na fi so, ita ce ta fara buɗe mini wuya. Ƙafata ta hagu ce dai ta ƙi ji, kullum sai ta karkace waje, kullum sai ya tura ta da babban yatsansa ya ce, "Wagga ƙahwa gidan miji taka so ta tahi."

Mun yi faɗa sau ɗaya. Na gaji, na ce masa yaran da ke zuwa silima sun ce 'yan Caina tsalle suke yi su fasa bulo da hannu, mu muna nan muna lallashin iska. Na ce in wannan soja ya zo da bulala, da tulu zan tare shi? Ransa ya ɓaci, na gani. Ya ce, "To zaka ki buge ni. Da gaske, ba na wasa ba." Na ja da baya na rugo da duk haushina. Ban san abin da ya faru ba, sai ji na yi ina cikin akurki, kaza na tsalle a kaina, Inna na dariya har da riƙe ciki.

"Ban taɓa ki ba," in ji shi. "Ke kika kai kanki. Ni hanya na ba ki."

Na yi fushi na ƙi fitowa washegari. Da hantsi na tarar da tsire a ƙunshe a bakin ɗakina, ya je har kasuwa wurin yaransa mahauta ya karɓo. Na cinye shi. Na fito da asuba.

Yanzu zancen liman. Da farko gabas muke fuskanta, don haka tsohon Caina yake yi, yana kallon fitowar rana. Wata safiya liman ya leƙo neman Kaka ya gan mu. Mutumin kirki ne, cikin ladabi ya ce, "Baba, ni na san motsa jiki na. Amma mai wucewa in ya ga kun dubi alƙibla kuna ɗaga hannu kuna duƙawa, cewa zai yi wata salla kunka ƙago. Ku juya wani gefen." Kaka ya ce gaskiya ne, ba ya son abin da zai yi kama da wasa da salla. Muka juya kudu.

Kudu da mu dangar kara ce, bayanta gidan maƙwabta. Ba mu kawo komai a ranmu ba. Su kuwa abin da suke gani ta ramukan danga shi ne, kullum gari na wayewa tsoho da jikarsa sun dubi ɗakunansu, suna miƙa hannu suna jawo wani abu da ba a gani, suna kai shi ƙirji. Autar gidan, 'yar yarinya da ba ta shiga makaranta ba, takan manna ido a danga tana kwaikwayonmu. Kaka yana sane, har yakan rage sauri don ta bi. Ni take kira Yayar boko.

Da zafin bazara ya tsananta Auta ta kwanta. Zazzaɓi, wuya ya sanƙare. Cikin magagin ciwo ta riƙa miƙa hannuwa tana jawowa ƙirji, tana kiran Yayar boko. Wata tsohuwa da aka kira ta duba ta ta ce ai ba sai an yi bincike ba, yarinya ta faɗi mai riƙe da ita.

Wannan ne labarin da ya riga ni zuwa wurin mai koko. Kafin azahar aka aiko gidanmu: in fito, in tuɓe zane a gaban jama'a, in tsallaka Auta, in sakar mata kurwa. Na ce da Inna bari in je in yi, in dai za su ƙyale mu. Ta riƙe ni har farcenta ya shiga fatata. Ta ce wadda ta tsallaka ta amsa ke nan. Kuma maita a nono ake cewa ana sha, don haka ita Inna ma ta zama, 'ya'yan da zan haifa ma sun zama. In kuma Auta ta cika bayan na tsallaka, ba zan dawo gida da ƙafata ba. Babana yana hanyar Ikko da motar siminti. Namiji ɗaya ne a gidan.

Mun ji su kafin mu gan su. Kaka ya yi alwala, ya tuɓe takalmi, ya je ya tsaya a ƙofar zaure, ƙafa a buɗe, gwiwa a lanƙwashe. Inna ta ce in shige ɗaka. Na kasa. Na tsaya a cikin duhun zaure ina hango waje ta ƙarƙashin hammatarsa. Layin ya cika. Sanduna, taɓare, duwatsu, wani da sarƙar keke. Fuskokin da na sani tun ina goye.

Uban Auta ne a gaba, idonsa ja, ya kwana bai runtsa ba. Ya ce, "Baba, ba da kai muka ba. Hiddo muna ita ta tsallaka ɗiyata mu watse."

"Ɗiyarka ciwo ag gare ta. Ɗauko ta mu kai asibiti. Jikata ba ta hitowa."

"Mun gan ku! Kullum da sahe kuna jawo abu daga gidana!"

"Iska muka jawowa, ita ko ba a yi mata danga ba. Abin da kunka gani, ni na koya mata."

Wani ya yi ihu daga baya, "A ture tsohon!" Saurayin nan mai goshi shi ya fara rugowa. Kaka ya ɗan juya ƙugu, yaron ya wuce ta gefensa ya daki dokin ƙofa da kai, ya zube. Na biyu ya zo, ya tsinci kansa a kwata. Ƙofar ƙarama ce, ɗaya-ɗaya kawai za su iya zuwa, shi kuma ba ya tare kowa, hanya yake ba su, sai dai hanyar ba ta shiga gidanmu. Sai suka daina zuwa da jiki. Aka kawo masa sanda, ya tare da hannun hagu. Na ji ƙashin ya ce ƙas. Hannun ya sauka yana lilo. Sarƙar keke ta zo ta tsaga masa kunne, jini ya bi wuyan rigarsa. Dutse ya same shi a baki. Bai matsa ba. Ina jin numfashinsa, dogo, a hankali, kamar da asuba.

Uban Auta ya ɗaga taɓarya ya shigo har ƙirjinsa. Haɓarsa a sake, daidai hannun daman Kaka. Na ga yatsun nan sun fara naɗewa, ɗaya bayan ɗaya, suna komawa yadda suka saba. Wallahi a zuciyata roƙo nake, buge shi, Kaka, buge shi. Mahauta sun sha faɗa, wanda hannun nan ya sama a haɓa ba ya tashi da kansa. Hannun ya rufe rabi, ya tsaya. Sai ya buɗe. Ya ɗora tafin a ƙirjin mutumin, ya zaunar da shi ƙasa kamar yaro, ya ce, "Ɗiyarka na can ita ɗai."

Daura da gidanmu ana gina sabon gidan wani ɗan kwangila, an jibge bulo. Wani ya hau tarin. Ban ga fuskarsa ba, rana na bayansa. Na ga dai abin yana zuwa. Ƙarar da ya yi a kan Kaka, ba zan rubuta irinta ba. Jini ya fantsamo mini a ƙafa, da ɗumi. Ya durƙusa, amma bai bar ƙofar ba, ya tokare kafaɗa a gefe ɗaya, hannun dama a ɗaya gefen. Bai waiwayo ba ya ce, "Amarya. Katanga. Numfashi tukuna."

Inna ta ja ni ta baya, ta ɗora ni kan turmi, ta tura ni katangar bayan gida. Na faɗa gidan Nas, wata Kirista mutuniyar ƙasar Jos, ma'aikaciyar jinya, mijinta malamin makaranta. Ta dubi ƙafata, ba ta tambaye ni komai ba. Ta tura ni ɗakin ajiya bayan buhunan hatsi ta kulle. Na ji tana ƙwala wa mijinta kira ya tayar da mota.

Sauran daga bakinta na ji. Ta ce da suka zagayo, mutane sun riga sun fara sulalewa, jinin ya ba su tsoro tun kafin 'yan sanda su iso. Kaka yana durƙushe yadda na bar shi, idonsa biyu. Suka zo ɗaukarsa ya ƙi. Ya nemi uwar Auta da ido cikin matan da suka rage, ya ce, "Ɗauko ta. Mota guda ta." Matar ta dubi mijinta, yana zaune a ƙasa inda aka zaunar da shi. Ta ruga ta ɗauko yarinyar. A mota ƙafafun Auta a kan cinyarsa suke, Nas ta ce yana riƙe da ɗaya har suka isa. Ciwon Auta sanƙarau ne, in ji likita. Kaka kuma ya cika washegari da la'asar. Wanda ya yi masa wanka ya ce hannun daman a shimfiɗe yake, ba su sha wahalar miƙe ko yatsa ɗaya ba.

Allah ya yalwata masa makwanci kamar yadda ya bar hannun nan a buɗe. Allah ya sanyaya masa kan da ya tara mini.

Na zauna a ɗakin ajiyar nan ban san adadin kwanakin ba. Magana tana yawo cewa in Auta ta mutu a asibiti, to ni na ƙarasa ta, kuma an san gidan da nake. Raina yana rataye da numfashin yarinyar da ban taɓa ko da yatsa ba. In wata ta fara daka a maƙwabta sai in toshe kunne in cusa kai cikin buhu. Har yanzu haka nake, ba na iya tsayawa kusa da turmi. Nas takan shigo da tuwo ta ce, "Ki ci, 'yata. Auta tana karɓar allura. Allah yana nan." Wurin ba ya isa a miƙe sosai, sai na riƙa tashi in tsaya, in lanƙwasa gwiwa, in rungumi tulu. Ƙafar hagu ta karkace, in jira yatsan da zai tura ta.

Wata ranar da hantsi na ji hayaniyar mata a ƙofar gida. Na ce shi ke nan. Nas ta buɗe ɗakin ta ce in fito. Na riƙe buhu na ƙi. Ta ɓamɓare yatsuna ta ja ni har bakin ƙofa.

Matan unguwa ne cike da layi, har da mai koko. A gabansu uwar Auta, da yarinyar a goye, ta rame, an aske mata kai, amma wuyan yana juyawa. Matar ba ta gaishe ni ba. Ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji, ta ce, "Ƙishirwa nika ji. Ba ni ruwa da hannunki."

Na ɗebo a moɗa. Hannuna yana rawa, ruwan yana zuba a ƙafata. Na tsaya, na saki gwiwa, na sauke kafaɗa, na ja numfashi har ciki. Ruwan ya kwanta. Na miƙa mata. Ta karɓa daga hannuna, yatsunta a kan nawa, ta sha. Ta juyo da Auta ta ba ta ta sha. Sannan ta dubi matan ta ce, "Kun gani?" Ba wadda ta ɗaga kai.

Ta juyo gare ni, muryarta ta karye. "Tahi gida, ɗiyata. Ba mai taɓa ki."

Auta ta zaro hannuwa biyu daga cikin zanen goyo, ta miƙo su wajena, ta jawo su ƙirji a hankali, daidai yadda ake yi. Ta leƙa bayana ta ce, "Yayar boko, ina Kaka?"